Dish ɗina ya kamo rana: wa ya fi nisa a harkar sama, mu ko Ghana?

Mai Saitin Dish: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kar a yi mini dariya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina hawa rufin mutane ina saita dish. Duk shekara, wajen watan Maris da kuma ƙarshen Satumba, akwai 'yan kwanakin da kwastomomi ke damuna da waya wai hoto ya daskare, bayan 'yan mintoci ya dawo da kansa. Ni dai nakan ce musu daga kamfani ne. To jiya ina kan wani bene, mitar auna sigina na jone, ina juya dish sai ya bi ta saitin rana. Allura ta tashi har ƙarshe tana tsuwa, alhali babu tauraron ɗan'adam a wajen. Na kawar ta sauka, na mayar ta sake tashi. Har sau uku. Me na kamo?

Ta biyu, yaron shagona ya ce Ghana na da wani ƙaton dish na sauraren taurari, mu kuwa da muka harba tauraro tun 2003 ba mu da irinsa. Haka ne?

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam. Malam, ai ba abin dariya ba ne, rana ka kamo da kanta. Ba haske da zafi kaɗai take fitarwa ba, har da igiyoyin rediyo, kuma LNB ɗinka, wato kan nan da ke gaban faranti yana karɓar sigina, bai san bambancin na tasha da na rana ba. Daskarewar hoton ma ita ce: a waɗancan makonni rana kan gitta daidai bayan tauraron da aka saita, hayaniyarta ta danne siginar. Ka daina ɗora wa kamfani laifi. Sai dai kar ka bar dish mai ƙyalli yana kallon rana, zai narka maka murfin LNB.

Da irin haka ilimin ya faro. Wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, aka sa ya gano inda shuuu ɗin da ke ɓata wayar ƙetare ke fitowa. A 1933 ya bayyana cewa wani ɓangare nata daga tsakiyar gungun taurarinmu yake zuwa. Kuma a kan mita 14 da ɗoriya ya ji ta, wato gajeren zango, maƙwabcin inda iyayenmu ke murɗo London da Jamus da asuba.

Sai Na Gani: To an ji. Amma kafin a tafi da nisa, mu namu taurarin ina suke? Kullum ana cewa muna da hukumar sararin samaniya, ga mutane ana kwashewa a daji kamar kaji. In tauraron ba zai nuna inda aka ɓoye su ba, amfanin me? Balle kuma sauraren taurari. Wanda bai ci na rana ba ina shi ina jin hirar gamzaki?

Ɗalibar Fizik: Yaya Sai Na Gani, tambayarka na kan hanya, bari in ware maka su ɗaya bayan ɗaya don ana yawan cakuɗa su.

An kafa NASRDA, hukumar sararin samaniyar tamu, a 1999. NigeriaSat-1 kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, aka harba daga Plesetsk ta Rasha a Satumban 2003. Mai ɗaukar hoto ne, kowane ɗigo a hotonsa faɗin mita 32 ne a ƙasa. NigComSat-1 na sadarwa ne, China ta ƙera ta kuma harba a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda fikafikansa masu zuƙo hasken rana sun samu matsala. Aka maye shi da NigComSat-1R a Disamban 2011. A Agustan 2011 kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X tare, daga Yasny, nan ma Rasha.

Wanda ya fi kaifin ido a cikinsu shi ne NigeriaSat-2, ɗigonsa mita 2.5. Ka auna: babur bai cika ɗigo ɗaya ba, balle mutum, balle mutumin da ke ƙarƙashin bishiya. Kuma ba tsayawa yake a kan Zamfara yana gadi ba, wucewa yake da gudu, sai wani zagayen ya sake biyowa. In da hadari ko ƙurar hunturu, shi ke nan. Abin da aka yi shi dominsa taswira ne, gonaki, ambaliya, yadda gari ke faɗaɗa. Shekara bakwai aka ƙiyasta masa, ka lissafa daga 2011.

Sai Na Gani: Ingila ta ƙera, Rasha ta harba. China ta ƙera, China ta harba. Ƙanwata, mu me muka yi ban da biyan kuɗi da tafi? Ai ko ni in na sayi mota a Kwatano ban zama maƙerin mota ba.

Ɗalibar Fizik: Ka yi gaskiya rabi. NigeriaSat-X injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu, amma a ɗakin aikin Surrey, da kayan Surrey. A 2017 kuma ɗaliban jami'ar fasaha ta Akure sun shiga wani shiri a Japan suka fito da ɗan ƙaramin tauraro mai faɗin santimita 10. Hannun akwai. Abin tambaya shi ne me hannun ya taɓa bayan ya dawo gida.

Zancen harbawa kuwa, ba mu kaɗai ba ne. Babu ƙasar Afirka da ke kai tauraronta falaki da rokarta a yau. Harbin da aka taɓa yi daga nahiyar nan na baƙi ne: Faransa daga Hammaguir ta Aljeriya a 1965, Italiya kuma daga wani dandali a teku kusa da Malindi ta Kenya.

Ɗan Zangon Nima: Salam daga Accra. Yaron shagon bai yi ƙarya ba. Dish ɗin na Kuntunse, a hanyar Nsawam, in ka fita Accra za ka yi Kumasi. Faɗinsa mita 32. Shugaba Akufo-Addo ne ya buɗe shi a Agustan 2017. Amma kar ku ɗauka mun fi ku kuɗi, tsohon kaya ne aka yi wa kwaskwarima. Na kamfanin tarho ne tun farkon shekarun 1980, da shi ake kiran ƙasar waje. Da wayar ƙarƙashin teku ta zo sai ya zama ba shi da aiki. Mutanen Afirka ta Kudu suka zo suka haɗu da yaranmu aka mayar da shi na sauraren sama.

Baba Mai Ritaya: Ɗana na Nima, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni a harkar sadarwa na ƙare aikina, bari in gaya muku abin da kwaskwarimar nan ke nufi, don kar a zaci fenti aka shafa.

Dish na tarho malalaci ne. Tauraron da yake kallo na can sama da kilomita dubu 35, yana zagaye daidai da juyawar duniya, saboda haka a idonmu a tsaye yake. Ka saita sau ɗaya, sai ɗan gyaran da bai kai a ce an motsa ba. Mai Saitin Dish ya san wannan, shi ya sa yake ɗaure noti ya sauko. Taurarin Allah kuwa ba sa jiran kowa, suna fitowa gabas su faɗi yamma. Dole ƙarfen nan mai nauyin tan ɗaruruwa ya riƙa binsu a hankali, ba gargada, tsawon sa'o'i. Wato sabbin injinan juyawa, sabuwar na'urar sarrafawa, a sake lissafin wayoyin da ke cikinsa don kar su tsinke in ya juya, a duba kowane ƙusa. Sannan a cire kayan aika sigina a sa kunne mai tsananin ji. Wanda ya yi wannan aikin da hannunsa, to ya koyi abin da ba a koya a aji.

Mu ma muna da irin waɗannan tashoshi. Ta Lanlate a jihar Oyo tun 1971 take, ga kuma ta Kujama kusa da Kaduna. Akwai wata ƙarama da na yi aiki a cikinta, ba zan kama suna ba. Na koma ziyara bayan na yi ritaya, na tarar 'yan gwangwan sun riga ni. An yanka farantin gunduwa-gunduwa an auna a kilo. Farantin da muke hawa da tsumma da man giris duk wata. Na tsaya a kan simintin da aka bari, na kasa ce wa direbana komai.

Sai Na Gani: Allah ya ba da haƙuri Baba. Amma har yanzu ban ji amsata ba. A ce an gyara, an ji taurarin. Sai me?

Hajiyar Kanti: Ni ma tambayata ke nan, amma ta wata fuska. Zai taimaka wajen ganin wata? In zai raba mu da rigimar Sallah biyu a gari ɗaya, ni zan fara ba da gudummawa.

Malamin Sakandare: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Wannan ba ido ba ne, kunne ne. Lissafin inda jinjirin wata zai tsaya an daɗe da gama shi, ko wayarki za ta gaya miki. Abin da kwamitin Sarkin Musulmi ke jira shaidar gani ce, wannan kuma magana ce ta malamai, dish ba shi da ta cewa.

Ɗalibar Fizik: Yaya Sai Na Gani, zan ba ka amsa biyu, ka zaɓi wadda ta yi maka.

Ta farko, ta masu son sani. Mafi yawan abin da ke sama ido ba ya ganinsa. Iskar haidurojin da ta cika tsakanin taurari ba ta haske, amma tana fitar da rediyo a zango ɗaya tak, santimita 21, wato megahaz 1420. An fara jin ta a 1951, kuma da ita aka zana siffar gungun taurarin da muke ciki, tunda ƙura ta tare wa ido hanya amma ba ta tare rediyo.

Kuma akwai ɗan ƙasar nan a tarihin. Samuel Okoye, wanda daga baya ya zama farfesa a Nsukka, yana karatun digirin digirgir a Cambridge ƙarƙashin Antony Hewish. A 1965 su biyun suka ba da rahoton wani ɗan mitsitsin wuri mai ƙarfin rediyo a cikin gajimaren da ake kira Ƙaguwa, ragowar tauraron da ya fashe har masanan China suka rubuta ganinsa a 1054. Ba su san ko mene ne ba a lokacin. Bayan Jocelyn Bell ta gano taurari masu bugawa kamar zuciya a 1967, sai aka gane abin da Okoye ya ji ɗaya ne daga cikinsu: gawar tauraro mai faɗin gari guda, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa. Hewish ya karɓi Nobel a 1974. Nawa ne a zauren nan suka taɓa jin sunan Okoye?

Ta biyu, ta masu cewa sai me. Igiyar rediyo doguwa ce, don haka dish ɗaya komai girmansa gani yake dishi-dishi. Dabarar ita ce a sa dish na Turai da na Afirka ta Kudu su kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne da agogon atam yana buga lokaci a kan abin da ya naɗa, sannan a haɗa a kwamfuta. Sai su zama kamar dish guda mai faɗin nisan da ke tsakaninsu. Da haka aka ɗauki hoton baƙin ramin sararin samaniya, hoton nan da ya zagaye duniya a 2019. Da haka kuma ake auna yadda nahiyoyi ke matsawa 'yan santimita a shekara, da ɗan layin da duniya ke yi a juyawarta, wanda in ba a san shi ba GPS ɗin wayarka zai riƙa kauce hanya. Darajar Kuntunse ke nan: tsakanin Turai da tashar Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu babu kowa, Ghana ta zauna a tsakiya. Mu ma a tsakiyar muke, muna ma da cibiyar auna ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, amma babu dish namu a cikin wannan jeri.

Sai Na Gani: Ta biyun ta ɗan shige ni. Ta farkon kuwa, Allah ya jiƙan maza, amma ba ta sauke farashin masara.

Malamin Sakandare: Ba ta saukewa, kuma duk wanda ya ce maka tana saukewa yaudararka yake. Ni abin da nake kallo daban ne. Tauraro in ka saya aka harba, ya tafi ke nan, ba mai sake taɓa shi. Ranar da ya mutu sai ka koma wurin mai shi da kuɗi a hannu. Dish kuwa a ƙasa yake. Ya lalace ka hau ka gyara, ka canza masa kunne, ɗalibi ya yi kuskure a kansa ya koya. Ku dubi Afirka ta Kudu. Farantin Hartebeesthoek mai mita 26 hukumar NASA ce ta gina shi a 1961 don bin kumbunanta. Da Amurkawa suka tattara a tsakiyar shekarun 1970 ba a kira 'yan gwangwan ba, aka mayar da shi na bincike. Daga nan aka samu mutanen da suka gina dish bakwai na gwaji a hamadar Karoo, sannan MeerKAT mai dish 64, kowanne mita 13.5, aka buɗe a Yulin 2018. Yanzu ana faɗaɗa shi zuwa 197 a cikin SKA, babban aikin sauraren sama na haɗin gwiwar ƙasashe, wanda aka raba tsakaninsu da Ostareliya a 2012. Ƙasashen Afirka takwas ne abokan aikin: Ghana, Kenya, Zambiya, Namibiya, Botswana, Mozambik, Madagaska da Morishus. Ku nemo sunanmu.

Indiya ma haka. Kowa na zancen saukarsu a wata a 2023, ba a zancen dish 30 masu mita 45 da Govind Swarup ya jagoranci ginawa kusa da Pune. Da ragar waya aka shimfiɗa su maimakon farantin ƙarfe, don kuɗin bai kai ba. Talauci ne ya koya musu dabara.

Bamaraɗe: Gaisuwa daga Maraɗi. In wurin shiru ake nema, ku zo mu ba ku Tenere. Kwana uku kana tafiya ba ka ga eriyar waya ba.

Ɗalibar Fizik: Wallahi Malam ba wasa ba ne, shirun dukiya ce. Wayar hannu ɗaya a kusa ta isa ta kurmantar da dish. Afirka ta Kudu sai da ta yi doka a 2007 don kare yankin Karoo daga sigina. A Parkes ta Ostareliya an shafe shekaru ana ganin wata baƙuwar sigina, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata, in an buɗe ƙofarta kafin ta tsaya. Sai dai shiru kaɗai bai isa ba. Ana son wutar da ba ta ƙiftawa, don kunnen a cikin sanyi mai tsanani ake ajiye shi, da wayar intanet mai ɗaukar lodi, da hanyar da injiniya zai bi ya dawo gidansa lafiya. Yanzu ma shirun ta sama ake ɓata shi, taurarin Starlink dubbai ne suna wucewa ta kan kowa.

Sai Na Gani: Wutar da ba ta ƙiftawa. To a nan zance ya ƙare ai.

Baba Mai Ritaya: Bai ƙare ba ɗana. Tasharmu ta shekara da shekaru ba ta ɗauke ko na minti ɗaya ba, a ƙasar nan, da janareta biyu da ɗakin batura, saboda an san in ta ɗauke za a kira wani a tambaye shi. Yau ga sola ga batura masu kyau. Ba wutar ce ta gagara ba.

Sarkin Zaure: Jama'a a riƙa taƙaitawa, kuma wanda ya turo tallan maganin basir a tsakiyar zancen nan na goge, in ya sake zan fitar da shi.

Mai Saitin Dish: Na gode ƙwarai, na karanta har sau biyu. Malama Ɗaliba, wannan ta santimita 21 ɗin, dish ɗina zai kamo ta? Akwai wani babba na raga, irin na gidajen masu kuɗi na da, mita uku, wani Alhaji ya ce in zo in sauke masa in tafi da shi don tsatsa yake zubar masa a rufi.

Ɗalibar Fizik: Kar ka bari ya kwana biyu, je ka ɗauko! Farantin zai yi, LNB ɗin ne ba zai yi ba, don na ƙananan dish daga gigahaz 10.7 yake farawa, ya yi sama da yawa. Gwangwani za ka samu mai faɗin baki kamar santimita 15 ko 16, irin na fenti, ka huda gefensa ka sa 'yar wayar tagulla mai tsawon santimita 5 da ɗan kai, ka ɗaure shi inda LNB yake zama. Sai ƙaramin amfilifaya na megahaz 1420, da 'yar na'urar nan mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR, da laftof. Ba sai ka juya shi ba ma, ka kafe shi yana kallon sama, duniya za ta juya maka. In farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata ya gitta ta kansa, za ka ga layi ya yi tozo a allon. Da rana ma yana yi. Haka Grote Reber ya fara a 1937, da dish na mita 9 da ya ƙera a bayan gidansu, kuma shi ma mai harkar rediyo ne, ba farfesa ba.

Ni na so in yi wannan a aikin kammala digirina na farko, aka ce mini ba a saba ba, in zaɓi abin da za a iya rubutawa daga littafi. Kayan na nan a kwali ƙarƙashin gadona.

Malamin Sakandare: Kafin kayan su haɗu, ga wanda za ka yi yau da abin da ke hannunka. Ka ɗaga ƙaramin dish sama inda babu rana babu tauraro, ka rage mita har allura ta kwanta. Sannan ka juya shi ga katanga, ko ka sa yaronka ya tsaya a gabansa. In ya yi, don Allah ka zo makarantarmu ranar Alhamis ka nuna wa 'yan aji biyar, ni zan biya kuɗin mai.

Mai Saitin Dish: Malam, na gwada yanzu a bayan shago. Sama: allura kwance. Katanga: ta tashi. Na sa yaron ya tsaya, ta tashi, ya matsa ta sauka. Ya ce shi ba zai sake tsayawa ba sai an gaya masa abin da ke fita daga jikinsa. Mai shayin kusa da mu ya zo ya tsaya, ya kawo butarsa ma an gwada, yanzu mutum bakwai ne a layi.

Malamin Sakandare: Ka ce masa ɗumin jikinsa ne kawai, duk abu mai ɗumi yana fitarwa. Alhamis ƙarfe goma, ka taho da doguwar waya don soket ɗin ajin ya mutu, daga ofis za mu jawo.

Sai Na Gani: Wace makarantar ce? Ba wai na yarda ba ne, allurar nake so in gani da idona.

Baba Mai Ritaya: Mai Saitin Dish, in za ka sauke na ragar nan kar ka kwance shi daga tsakiya, fiffike-fiffike ake cirewa, kuma ka sa wa kowanne lamba da alli. In ya lanƙwashe ko kaɗan ya tashi daga aiki. Ka turo mini hoton bayansa tukuna in ga irin ƙafar da yake da ita.